Amsa: Su wa ake kira Laskar a jiragen ruwan Turawa?

Ɗan'uwa, ka tambayi su wane ne waɗannan Laskar da kuma yadda suka yi aiki. Kalmar daga Farisanci take, lashkar, wato runduna. Matuƙa ne 'yan Indiya da maƙwabtanta da kamfanin kasuwancin Ingila na East India ya fara ɗauka tun ƙarni na 17, domin Turawan jirgi kan mutu ko su gudu kafin a juyo gida.

Shugabansu shi ne serang. Shi ke ɗebo mutane, galibi 'yan garinsu, kuma sai ya ci nasa kason daga albashin da tun farko bai kama ƙafar na Bature ba.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne ɗakin injin. Bayan buɗe mashigin Suwez a 1869, mutanen Silhet (yankin da ke Bangladesh a yau) ne da yawa ke sheƙa kwal cikin tanderu, ba riga, gumi na zuba, jirgi na ratsa Bahar Maliya. 'Yan Gowa, a gaɓar yammacin Indiya, kuwa su ke girki da hidimar fasinja.

Wasu a Landan aka yasar da su cikin hunturu, da tufafin ƙasar zafi. A 1857 aka buɗe musu wani masauki a unguwar Limehouse.