Amsa ga Hajiya kan kimba mai ɗaci

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiya, na saurari muryarki, kin ce kimbar da kika sayo wajen mai kayan ƙamshi a Jidda tana sa miki ɗaci a shayi, ko ta lalace ne, kuma kin tambaya ko za ki iya shuka ta a tukunya a saman bene. Ba lalacewa ta yi ba, wallahi dakan ne. Ƙamshin kimba a jikin ɓawon yake, 'ya'yan nan baƙaƙe na ciki, biyar zuwa takwas a kowane sili, su ne masu ɗacin. Ke kuma na san injin niƙa kika zuba ta gaba ɗaya.

Ga yadda ake yi. Ki ɗora kasko ba mai, wuta kaɗan, ki gasa ta minti 1 ko 2, da kin ji ƙamshi ya tashi ki sauke. Sai ki ɗan bubbuga da taɓarya ta fashe, ki tsince 'ya'yan ki zubar. Sili 2 ya ishi lita 1 ta shayi ko kunu, ki haɗa da citta da kanumfari. A'a, tsaya, in farfesu ne ko uku kika sa ba laifi, amma ki cire kafin ki zuba wa mutane.

Kuma don Allah a daina haɗa ta da masoro a baki! Masoro daban, kimba daban. Kimba babbar bishiya ce, tana wuce mita 20, danginsu ɗaya da gwandar daji, sai dai ita kurmi take so, inda ruwan sama ke zuba, irin kudancin Najeriya da Gana da Kamaru. Shi ya sa maganar shuka ta a tukunya a saman bene, ki bar ta kawai. Wadda ke kasuwa ma an busar da ita, sau da yawa da hayaƙi, ina za ta tsiro?

Abin da ke ba ni haushi, masu cika leda da tsinke da tsohuwar kimba. Ki karya sili ɗaya ki shinshina kafin ki biya. In ba ƙamshi, ko kin ga fari-fari a jiki, wannan fumfuna ce, ki ajiye masa abinsa. Danshin Jidda kuwa kin san shi, sai kwalba mai murfi, kada ki daka da yawa ki ajiye, ƙamshin gudu yake.

Mai jego kam an saba ba ta, amma mai ciki ta tsaya a ɗan abin miya, ban da dafa ta ana sha kamar magani.