Tsadar giya da halin masu sayenta: amsa daga wanda ya riƙe littafin ciniki a Jos

Ina gaishe da kowa, musamman ƙanwarmu ɗalibar tattalin arziki da ta tambaya ko ƙarin farashin giya yana sa masu sha su rage saye, ko kuwa, kamar yadda ta ce malaminta ya faɗa musu a aji, giya tana cikin kayan da tsada ba ta cika taɓa cinikinsu ba. Na ga amsoshin da suka riga tawa, akasarinsu nasiha ce kan illar sha, kuma ba ni da ja a kansu, sai dai ba abin da ta tambaya ke nan ba. Ni kan ciniki zan yi magana, domin daga 2013 zuwa ƙarshen 2024 ni ne nake riƙe da littafin shige da fice na mashayar kawuna a Jos, ni nake zuwa sari wajen dila, ni kuma nake ƙirga kwalabe kowace safiya kafin a jera su cikin kiret. Ban yi karatun da kike yi ba, amma na san yadda lambobin littafin nan suke juyawa duk lokacin da takardar ƙarin kuɗi ta iso daga kamfani.

Malaminki yana da gaskiya idan abin da ake aunawa shi ne ko mutum ya sha ko bai sha ba. A shekarun nan duka, waɗanda na san sun bar giya saboda tsada kawai ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Masu barinta rashin lafiya ne yake raba su da ita, ko tuba, ko matsin iyali. Amma idan aka tambayi wace iri ya sha, kwalba nawa, a ina, kuma wa ya biya, to farashi ne yake jan ragamar kusan komai.

Abu na farko da ya kamata ki fahimta shi ne yawancin masu zuwa mashaya da kuɗi suke lissafi, kwalba tana biyo baya. Mutum yakan baro gida da naira dubu ɗaya a aljihu, ya riga ya yanke cewa ita zai kashe a daren. A lokacin da nake sabon shiga harkar, masu araha suna naira 200, Star da Gulder kuma suna naira 250 a wajenmu, wato dubu ɗaya tana sayen biyar a nan, huɗu a can. Wannan kwalba ɗaya da ke tsakani ita ce ta kwashe mana masu shan Star da yawa a 2016, lokacin da tattalin arzikin ƙasa ya shiga mawuyacin hali kuma albashi ya riƙa jinkiri. Mutanen da suka shekara goma suna rantsuwa cewa ba abin da zai shiga bakinsu sai Star, cikin wata biyu suka koma 33 da Goldberg da Life, daga baya Trophy da Hero, kuma abin dariyar shi ne babu wanda ya taɓa cewa kuɗi ne ya sa. Wannan ya ce tsohuwar tana sa shi ciwon kai da safe, wancan ya ce an canza mata ɗanɗano. Kawuna yakan yi murmushi ya ce ɗanɗanon aljihu ne ya canza.

Akwai kuma batun canji, wanda ban taɓa jin masu ilimi sun ambata ba. Farashin da ya dace da takardar kuɗi guda yana da wani ƙarfi na daban. Giyar naira 200 ko 500 tana tafiya da sauri fiye da yadda bambancin kuɗin kaɗai zai nuna, saboda mai saye ya miƙa takarda ɗaya ya huta, yarinyar da ke hidima ba ta yawon neman hamsin-hamsin, kuma lissafin tebur ba ya rikicewa bayan an sha uku. Shi ya sa ƙarin da gwamnati ta yi wa harajin giya a watan Yunin 2018 ya ba mu wahala. Harajin ya kama kwabo 30 a kan kowace santilita, wato naira 18 ke nan a babbar kwalba mai santilita 60, a shekarar da ta biyo baya kuma ya koma kwabo 35, wato naira 21. Babu mai mashayar da zai iya ƙara 'yan nairori kaɗan irin waɗannan a kwalba. Ko dai ya haɗiye asarar, ko ya ƙara hamsin cif ya jawo wa kansa surutu. A wancan lokacin gasa ta yi zafi tsakanin manyan kamfanonin, domin a 2018 ne kamfanin International Breweries ya buɗe babbar masana'antarsa ta Shagamu, saboda haka kowa yana tsoron ya riga ɗan'uwansa ƙara kuɗi. Mu ma a unguwa haka muka yi ta kallon-kallo da maƙwabtanmu, kowa yana jiran wani ya fara.

Duk lokacin da muka ƙara kuɗi, abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Makon farko ciniki yakan faɗi, a yi ta faɗa da masu hidima kamar su suka yi ƙarin, wasu su yi fushi su koma mashayar da ke gaba. Zuwa mako na uku, da zarar sun tarar can ma an ƙara, sai su dawo kujerunsu. Wanda ya duba littafi a makon farko zai ce tsada ta kashe kasuwa, wanda ya duba bayan wata biyu zai ce ba ta yi komai ba, kuma dukansu sun yi kuskure, domin adadin kiret ɗin da muke sarowa yakan dawo kusa da yadda yake, amma abin da ke cikin kiret ɗin ya sauya, ribar kuma ta ragu.

Ba kowa ne yake sauka daga iri zuwa iri ba. Masu shan Guinness su ne mafiya taurin kai da na sani. Mai shanta ba ya komawa farar giya don ta fi araha. Abin da yake yi shi ne ya bar babbar kwalba ya koma ƙarama, ko ya sha ɗaya ya daɗe yana juya ta a hannu har a tashi kallon ƙwallo. Akwai kuma masu sha don a gani, waɗanda tsada take ƙara musu sha'awa. Na san wani ɗan kwangila da idan ya zo da baƙi sai a cika tebur da Heineken, kuma ba ya yarda a kwashe kwalaben da aka shanye sai an tashi, don duk mai wucewa ya ƙirga. Ranar da ya zo shi kaɗai kuwa, can lungu yake zama ya nemi mafi araha. Mutum ɗaya ne, aljihu ɗaya, amma farashin da zai iya jurewa ya danganta da idon da ke kansa.

Abin da ya faru daga 2023 ya bambanta da duk wanda na gani a baya. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kamfanonin giya kuwa da dala suke sayo wani ɓangare na kayan haɗi da kayan gyaran injuna. Nigerian Breweries ya bayyana asarar kimanin naira biliyan 106 a 2023, ya ƙara farashi a watan Fabrairun 2024, ya sake ƙarawa a Maris, sannan a Afrilu ya sanar da dakatar da aiki a biyu daga cikin masana'antunsa tara. A da, idan ta sama ta yi tsada akwai ta ƙasa da za a gudu a fake. Wannan karon duka suka tashi tare, har mai arahar ta kai kuɗin da ake sayen mai tsadar shekara biyu da suka wuce. A nan ne na ga adadin kiret ya faɗi da gaske bai kuma dawo ba. Al'adar nan ta mutum ya shigo ya ce a ba kowa ɗaya-ɗaya a teburin abokansa ta kusa mutuwa, kowa ya koma biya wa kansa. Masu zuwa kullum suka koma Juma'a da Asabar. Wasu suka riƙa saye a shagon unguwa su tafi da ita gida, abin da ya fi yi mana ciwo, domin ribar mashaya ta fi yawa a farfesu da gasasshen kifi fiye da kwalbar kanta.

Sanyi ma kuɗi ne, kuma yana cikin farashi. Da man janareto ya ninka, sai da muka bambanta kuɗin mai sanyi da marar sanyi na ɗan lokaci. A watannin zafi mutane suka biya ƙarin ba musu, amma da hunturun Jos ya kama, babu wanda ya ƙara tambayar firji.

Inda nake so ki fi mai da hankali shi ne inda mutane suke zuwa bayan sun sauka daga matakin ƙarshe na giyar kwalba, domin littafin kamfani ba zai nuna miki su ba. Wasu gidan burukutu suke komawa, musamman waɗanda dama can da ita suka tashi a ƙauye. Sai dai ita ma ba ta tsira ba, domin da dawa ake yin ta, kuma tun da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 kamfanonin giya suka shiga sayen dawa daga manoman arewa, suna gogayya da masu tuwo da masu burukutu a kasuwa ɗaya. Da buhun dawa ya yi tashin gwauron zabi a 2024, matan da ke dafa burukutu ba su cika ƙara kuɗi ba, ƙwaryar awo suka rage, wasu kuma suka ƙara ruwa, masu sha suna gunaguni suna saye.

Matasa kuwa giyar leda suka fi komawa, kuma lissafinsu daidai yake ko da sakamakon ba shi da kyau. Babbar kwalbar farar giya tana da sinadarin maye kimanin kashi 5 cikin ɗari, wato santilita 3 a cikin 60. Barasa mai zafi ta leda tana kaiwa kashi 40, saboda haka santilita bakwai da rabi kacal ta isa ta yi aikin kwalba guda, leda biyu ko uku ke nan, a kan kuɗin da bai kai rabin na kwalbar ba. Sai ya zama yaro ya tsaya wajen mai tebur a bakin titi ya tsotse leda biyu, sannan ya shigo wajenmu ya sayi kwalba ɗaya tak don ya sami kujera da kallon ƙwallo. A littafina ya rage sha daga huɗu zuwa ɗaya, a jikinsa kuwa abin da ya sha ya fi abin da littafin ya nuna. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta sanar da hana giyar leda da ƙananan kwalaben da ba su kai mililita 200 ba a farkon 2024, aka yi ta ja-in-ja da masu masana'antu da ƙungiyoyin ƙwadago har aka ɗage wa'adin. Ƙasa da ledar ma akwai goskolo, wata barasa mai zafi da ake haɗawa a ɓoye, wadda duk ɗan Jos ya san irin ɓarnar da ta yi wa samari, kuma ba wanda ya san abin da ake zubawa a ciki. Wanda ya tuna mutanen da suka mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas a 2015 bayan shan ogogoro, barasar gargajiya mai zafi, da ta gurɓata da guba ya san inda neman araha yake iya kaiwa. A ganina wannan ne ya sa duk wanda ya ce a tsawwala wa giyar kwalba haraji don a rage shaye-shaye, alhali an bar ta leda da ta gargajiya yadda suke, bai zauna a mashaya ya ga yadda abin yake tafiya ba.

A jihohin da ake aiki da shari'ar Musulunci lissafin ya ɗan bambanta. Dilolin da muke haɗuwa da su daga Sabon Garin Kano sukan ce kuɗin kwalba a wajensu ya haɗa da kasadar hanya, domin idan Hisbah ta kama mota an yi asarar kayan gaba ɗaya, kuma mai sha a ɓoye ba ya tsayawa ciniki, sirri ya fi damunsa fiye da naira ɗari.

Tunda bincike za ki yi, ƙanwata, kada ki dogara da takardar tambayoyi kaɗai, domin mashayi ba ya faɗin gaskiyar adadin da yake sha, kuma ba ya yarda cewa kuɗi ne ya sauya masa zaɓi. Ki nemi dila ya nuna miki kiret nawa na kowane iri ya fitar wata uku kafin ƙarin kuɗi da wata uku bayansa, ki raba kwanakin ƙarshen wata da na tsakiyarsa, ki kuma cire Disamba gaba ɗaya saboda Kirsimeti tana ɓata kowane lissafi. Idan mai mashaya ya amince da ke, ki roƙe shi ya buɗe miki littafin bashi, domin a wajenmu shi ne yake fara kumbura kafin ciniki ya nuna alamar faɗuwa. Sannan ki je da sassafe kafin a yi shara ki duba ƙarƙashin tebura da bayan katanga. Ni a shekarata ta ƙarshe a wurin, yaron da ke mana shara yakan cika bokiti da ledojin barasar da ba mu muka sayar ba, kafin ni in gama cika kiret biyar da kwalaben da muka sayar.