Tambaya da Amsa: Bature ɗan Ingila zai iya goyon bayan Ailan?

Tambaya: Malam, a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu a Garwa an yi gardama: ya dace mai goyon bayan Ingila ya mara wa ƙungiyar Ailan baya? Daga wani mai karatu.

Amsa: Ɗan'uwa, da farko a bambance ƙungiyoyi biyu. Akwai Jamhuriyar Ailan, ƙasa mai cin gashin kanta, akwai kuma Ailan ta Arewa da ke cikin Birtaniya. Kowacce da hukumar ƙwallonta. A nan kan Jamhuriyar Ailan muke magana.

A ganinmu ya dace, muddin ba da Ingila suke karawa ba, domin jini ya cuɗanya. Dokar FIFA ta yarda ɗan wasa ya buga wa ƙasar da aka haifi iyayensa ko kakanninsa, shi ya sa 'yan wasan Ailan da dama haifaffun Ingila ne. Jack Charlton, wanda ya ci Kofin Duniya da Ingila a 1966, shi ne kocin da ya kai Ailan zagayen kusa da kusa da na ƙarshe na gasar a 1990. Matt Holland ma, da ya farke ƙwallon Mboma a 2002 aka tashi 1-1 da Kamaru, a Ingila aka haife shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne tarihin mulkin Birtaniya a Ailan. A 1995 an dakatar da wasan Ailan da Ingila a Dablin, babban birnin Ailan, saboda tarzomar 'yan kallon Ingila. Declan Rice kuma ya buga wa Ailan wasa 3 kafin ya koma buga wa Ingila a 2019, har yanzu ana yi masa ihu a Dablin. Don haka kada ɗan Ingila ya sa ran 'yan Ailan su rama masa goyon bayan.