Idonsa lafiya lau, amma yana cin karo da ƙofa

Malama, kin ce ƙanenki ya faɗi a babur ya bugu a kai, likitan ido ya ce idonsa ƙalau, amma yana karo da bakin ƙofa ta hagu, kuma tuwon gefen dama kawai yake ci a kwano. Allah ya ba shi lafiya. Ba ganganci yake yi ba, ba kuma iskoki ba ne.

Ido hoto kawai yake ɗauka. Ƙwaƙwalwa ce ke tantance inda abu yake da nisansa, musamman sashenta na sama ta baya a ɓangaren dama. Kowane ɓangare na ƙwaƙwalwa da ɗaya gefen jiki yake kula, shi ya sa rauni a dama kan sa mutum ya yi watsi da hagunsa gaba ɗaya. Abin da ya fi ba 'yan uwa wahala shi ne, sau da yawa mara lafiyan bai ma san yana yi ba, don haka faɗa ba ya magani.

Ki ba shi takarda ya zana agogo. Idan ya cunkushe lambobi 1 zuwa 12 a dama ya bar hagu fayau, ku tafi da zanen wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wataƙila ya sa a yi hoton ƙwaƙwalwa na CT ko MRI. Akwai kuma masu horar da marasa lafiya kan ayyukan yau da kullum, su ke koya masa waiwaya hagu da gangan. A gida, ku ja jan layi a gefen hagu na abin da yake karantawa, ya riƙa nemo shi kafin ya fara.

Babur da tsallaka titi shi kaɗai, a dakata tukuna. In kuwa ciwon kai ya tsananta, ko amai, ko yawan barci, ko farfaɗiya, ku garzaya asibiti nan take, jini na iya taruwa a cikin kai.