Ayu kifi ne? Da kuma batun dorina

Wani ɗan kasuwa daga Garwa ta ƙasar Kamaru ya rubuto: "Malam, a kasuwa ina jin masu magani suna tallar man ayu. Shin ayu kifi ne? Kuma me ya sa ake cewa wane ya fi ayu jaraba?"

Alhaji, ayu ba kifi ba ne, ko da yake a ruwa yake kwana yake tashi. Dabba ce mai shayarwa. Ciyawar ruwa yake ci, yakan leƙo da hanci ya shaƙi iska ya sake nutsewa, kuma masana sun ce danginsa na kusa a tudu giwa ce. Macen takan yi kusan shekara da ciki, ta haifi ɗa guda, nononta kuwa a hammata yake. Ba ka da nisa da shi ma: yana nan a tafkin Lere na Chadi, dab da iyakar Kamaru, cikin gandun Binder-Lere da aka keɓe a 1974. Ruwan tafkin ne ke bin kogin Mayo Kebbi ya faɗa kogin Binuwai kafin Garwa.

Batun jaraba kuwa, a ganina sharri aka yi wa bawan Allah. Dabbar da ke kiwo shiru, ba ta faɗa da kowa, in ta ji motsin kwalekwale ta ɓace, ina ta ga jaraba? Zancen masunta da masu tallar magani ne ya bi bakin mutane har ya zauna, shi ya sa ake farautarsa don mansa alhali doka ta hana. Kwalbar da aka miƙo maka a kasuwa kuma, ni dai ba zan rantse a kan abin da ke cikinta ba.

Wata malamar makaranta daga Kuseri ta ƙasar Kamaru ta ce ɗalibanta sun yi gardama: dorina bulala ce ko dabba?

Malama, duka biyu, amma dabbar ce ta fara. Fatarta mai kauri ake yankawa siri-siri a shanya ta bushe ta zama bulala, sai bulalar ta gaji sunan. Yau abin ya juya, har sai an ce "dorinar ruwa" kafin yaro ya gane ba ta hannun dogari ake nufi ba. Ki gaya musu a kogin Logon da ke gefen garinku take, kuma kada su matsa kusa in tana da ɗa.