Ga mai shirin karatun zanen gini a Winnipeg

Ƙanena, ka tambaya ko Winnipeg ta ƙasar Kanada tana da tsofaffin gine-ginen da ɗalibin zanen gini zai ƙaru da su, ko kuwa fili ne fetal sai dusar ƙanƙara. Akwai su, kuma ba kaɗan ba.

Idan ka sauka, fara da unguwar Exchange District. Daga 1901 zuwa 1911 jama'ar garin sun tashi daga kimanin 42,000 zuwa 136,000, albarkacin alkama da jirgin ƙasa. Da kuɗin nan aka gina manyan ɗakunan ajiya na bulo masu ginshiƙan katako, da bankuna irin Union Bank na 1904 mai ƙashin ƙarfe, wanda yau ɗalibai ke kwana a cikinsa. A 1914 aka buɗe mashigin Panama, hanyar jiragen ruwa da ta rage dogaro da jirgin ƙasa, yaƙin duniya kuma ya ɓarke, sai kasuwa ta ja baya. Ba kuɗin rushewa a sake sabo, shi ya sa kusan gini 150 suka tsira, har Kanada ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1997.

Waɗanda aka rasa kuwa abin takaici ne. Ginin hukumar birni na 1886 an rushe shi a 1962, otal ɗin Royal Alexandra na 1906 ya bi shi a 1971, katafaren kantin Eaton's na 1905 a titin Portage kuma aka kawar da shi a 2003, aka gina zauren wasan hoki a gurbinsa.

Amma darasin da na fi so ka riƙe yana jikin bango. Ruwa kan shiga tsakanin bulo, idan ya daskare sai ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya ɓamɓare fuskar bulon. Magina na dā da kwaɓin farar ƙasa suka yi aiki, mai taushi, mai barin danshi ya fita. In aka yi faci da siminti mai tauri, danshin ya maƙale, bulon ne zai farfashe. Ka san yadda shafen siminti ke cinye bangon ƙasa a Kano ko Zariya, to kusan hakan ne. Ga kuma laka mai kumbura da tsukewa a ƙarƙashin garin, tana tsattsaga harsashi.

Saboda haka ka zagaya a watan Afrilu, lokacin narkewar ƙanƙara, da littafin zane a hannu. Duba ƙasan tagogi da bakin indararo, nan ɓarnar ke fara bayyana.