Wane simbal ɗin rayid ne zai ba ni sautin jaz irin na da?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne mai ganguna a wata 'yar ƙungiyar jaz, mu huɗu ne, da mai fiyano da mai bas da mai saksofon. Simbal ɗin rayid da nake da shi, wato babban farantin tagullar da ake riƙe kiɗa a kansa, mai kauri ne, in na buga sai ya riƙa ƙara kamar ƙararrawar makaranta. Wanne zan saya in samu sautin tsofaffin faya-fayai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In jaz ɗin New Orleans na shekarun 1920 kake nufi, irin na masu ganguna su Baby Dodds da Zutty Singleton, to waɗannan ba a kan simbal suke riƙe kiɗa ba. Ganga mai tsarkiya da ƙwanƙwasa katako ne ke ɗauke da aikin, simbal kuwa ƙarami ne, a buga a damƙe shi da hannu nan take. Sai a farkon shekarun 1940 Kenny Clarke ya mai da riƙon kiɗa kan babban simbal, a gidan rawan Minton's da ke unguwar Harlem a New York. Daga kayan kiɗan ƙungiyarku, na san wannan sautin na su Kenny Clarke kake nema.

Matsalar naka nauyi ce. Simbal mai kauri yana fitar da "tin" mai kaifi, wanda ya dace da kiɗan rok inda jita ke ruri. Na jaz siriri ake so. Kowane bugun sanda ya fito sarai, amma a ƙarƙashinsa akwai wani amo mai duhu, "shuuu", da ke cike gurbin da ke tsakanin bugu da bugu. In amon ya haɗiye bugun, mai bas zai rasa inda kake. In babu shi sam, kiɗan ya bushe.

Nemi mai faɗin inci 20 ko 22. Na inci 20 ya kasance wajen giram 1,800 zuwa 2,100, na inci 22 kuma wajen 2,200 zuwa 2,600. A ƙaramin ɗaki na fi son na 20, don ya fi saurin lafawa. Ƙarfen ya zama tagullar da ake kira B20, wato jan ƙarfe kashi 80 da kuza kashi 20, kuma wanda aka yi wa ƙira da guduma a hannu. Sawun gudumar da bai daidaita ba shi ke sa sautuka da yawa su cakuɗe a simbal ɗaya.

Abin da kake ji a faya-fayan masu ganguna irin su Art Blakey da Elvin Jones da Tony Williams galibi tsohon simbal ne samfurin K na gidan Zildjian, ƙirar Istanbul. Gidan Zildjian tun 1623 suke wannan sana'a, amma an daina ƙera K a Turkiyya a ƙarshen shekarun 1970, shi ya sa tsofaffin suka yi tsadar da ba ta da ma'ana. Ban ba ka shawarar bin su ba, don ba kowanne ne ma yake da daɗi ba. Sababbin ƙira irin su Istanbul Agop, Istanbul Mehmet, Bosphorus da K Constantinople na Zildjian duk suna bin wannan tafarki.

Sai dai ƙirar hannu ba ta maimaita kanta. Biyu masu suna ɗaya da faɗi ɗaya za su iya shan bamban, don haka ka je da sandarka, mara nauyi mai kan katako irin 7A, ka buga a hankali, ka ƙara ƙarfi, sannan ka sa wani ya buga kai kuma ka saurara daga nesa. In ta intanet za ka saya, ka nemi nauyin da bidiyon ainihin wanda za a aiko maka. In na hannu ne, ka bi bakinsa da yatsa ko akwai tsaga, ka kuma duba ramin tsakiya kada ya zama ya cinye ta gefe ɗaya.